Ƙwaya Biyun Da Na Cire Wa Malam

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karanta wannan shafi. Sunana ba zan faɗa ba, amma abin da ya faru zan faɗe shi yadda yake, ko da kuwa ni zai bari da kunya. A lokacin ni matar limamin unguwa ce a Gwandu, aurenmu ya haura shekara talatin, ɗiya ɗaya Allah ya bar mana, tana aure a Kalgo. Ni mace ce mai baki, wannan kowa ya shaide ni. Ina suyar ƙuli-ƙuli ina matsar man gyaɗa a cikin gida, kuma duk matar da ɗanta ya yi zazzaɓi ko mijinta ya kwana yana tari wurina take zuwa, ni kuwa ba na rasa abin cewa. Ban taɓa koyon aikin asibiti ba, amma in kuka ji ina ba da shawara sai ku rantse ni na yaye likita. Malam kan yi min tsiya ya ce da ana naɗa sarautar baki da tuni an zo ƙofar gidanmu da rawani. Shi mutum ne mai sanyi, daga masallaci sai zaure sai 'yar gonarsa ta hanyar Ceberu, kuma duk abin da na miƙa masa bisimilla kawai yake yi ya karɓa.

Ciwon ya fara ne da nauyin ƙirji. In ya taka zuwa gona sai ya tsaya sau uku a hanya yana dafe ƙirji yana cewa ƙwannafi ne. Ni ma na ce ƙwannafi ne, har kanwa na jiƙa masa. Ɗiyata ce ta zo daga Kalgo ta ga yadda yake haki, ta tsaya kai da fata sai an kai shi asibiti. Daga wannan asibiti aka tura mu wancan, har muka dangana da wani babba mai nisa, inda aka ce hanyar jinin zuciyarsa ce ta toshe, za a zura wani ɗan siririn ƙarfe mai kama da raga ta wuyan hannunsa a buɗe ta. 'Yan'uwansa ba su so ba, shi ma bai so ba, amma yarinyar nan ta yi ta kuka tana roƙo har ya ce a yi. Aka yi, aka kuma dace. Ranar sallama likita ya jera mana magani kala biyar, ya ware biyu daga ciki, wata fara da wata 'yar ja-ja, ya ce waɗannan su ke hana jini daskarewa a jikin ƙarfen, a sha su kullum har shekara ta zagayo, ko kwana ɗaya kada a tsallake. Ya ce za su iya sa jini ya riƙa fita da sauƙi, in an ga haka a kira shi, kada a daina. Ina zaune na ji da kunnena, har kai na gyaɗa. Ɗiyata ta karɓi lambarsa, ni kuma aka damƙa min maganin, tunda ni ke tare da shi.

Wata na farko kam sai godiya. Malam ya koma gona yana tafiya kamar saurayi, ina ce masa ya yi a hankali kada a ce na auri yaro. Sai abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. In ya yi asuwaki sai ya tofar da jini. In ya ɗan bugi ƙyaure sai wurin ya yi baƙi ƙirin ya kwana bakwai bai baje ba. Wanzaminsa ya ɗan yanke shi a ƙeya wajen aski, jinin nan ya ƙi tsayawa har bawan Allah ya rikice yana ta ba da haƙuri. Duk wannan Malam bai ɗauke shi komai ba. Abin da ya karya shi haɓo ne. Da zafin bazara ya shigo sai hancinsa ya fara zubar da jini, yau ya yi, gobe ya huta, jibi ya dawo, kuma ba ya tashi zuwa sai yana gaban sahu. Ni ke wanke fararen rigunansa, na san yawan abin da ke zuba. Na jiƙa masa kai da ruwan randa, na yayyafa ruwa a bangon ƙasa na ce ya shaƙa, na sa ya ɗaga kai sama, duk dabarar da na gada na yi, a banza.

Wanda bai zauna gidan limami ba ba zai gane zafin abin ba. In haɓo ya kama liman cikin salla, kama hanci yake yi ya ja baya, ya jawo wani ya ƙarasa wa mutane. To amma kowa ya san limamin da alwalarsa ta karye shi ma hancin yake kamawa ya fita, don a rufa masa asiri. Da abin ya yi yawa sai 'yan ƙananan maganganu suka fara yawo, wai tsufa ya kama Malam, ciki ya daina riƙo. Wata maƙwabciya ce ta kawo min zancen tana wani tausaya min, na wanke ta tas na raka ta har zaure. Amma maganar ta riga ta kai kunnensa. Ana saura mako guda azumi dattawan masallaci suka zo da ladabinsu suka ce ya huta bana, na'ibi ya ja asham, lafiyarsa ta fi musu komai. Wallahi ba da mugunta suka faɗa ba. Malam ya yi musu godiya, ya raka su, ya shigo ya zauna bakin gado. Fiye da shekara ashirin shi ke jan asham a masallacin nan, mahaifinsa ya gada. Na kawo tuwo bai taɓa ba. Da na matsa masa sai ya ce min shi dai ya ga alama an gama da shi, ya juya fuska bango. Tun da na aure shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma raina ya ɓaci ɓacin da ban san inda zan sa shi ba.

Nan ne shaiɗan da wayona suka haɗu. Na ce a raina ai ga shi ya warke, yana noma, yana cin abinci, ƙirji ya daina ciwo, wata huɗu ana shan abu ai ya ci a ce ya gama aikinsa. Na ce likitoci dama haka suke, sai su tsorata mutum. Ba dainawa zan yi ba, hutu zan ba shi na wata guda, da an sauko idi in mayar masa. Malam ba ya duba magani, a ɗan murfin kofi nake zuba masa, ya watsa baki ya kora da kunu. Washegari na zuba uku maimakon biyar, na ƙulle fara da 'yar ja-jar a leda na tura ƙasan kwallata. Wannan ne abin da ya fi ci min rai har yau, wato da hankalina kwance na yi, ina ganin taimakonsa nake.

Haɓon ya ƙara zuwa sau ɗaya, daga nan ya ɗauke ɗif. Asuwaki ya fito fari. Ranar biyu ga azumi Malam ya sami dattawa ya ce Allah ya karɓi addu'a, ya koma gaban sahu. Allah sarki, in kun ga farin cikin mutumin nan! Daga tsakar gida nake jin karatunsa ta lasifika, muryar nan ta dawo garau, ina tsaye da ludayi ina murmushi ni kaɗai ina jin ni wata ce. Ya dawo yana ce min ruwan randata da bangon ƙasata sun fi na asibiti, ni kuma na karɓe yabon. Kullum bayan azahar ɗiyata kan kira daga Kalgo ta tambaya ko Baba ya sha magani, in ce ya sha. Ina azumi ina faɗin haka, ina lallashin kaina cewa ai ba ƙarya na yi ba tunda ya sha ukun. Zancen haɓon ma tun farko ban taɓa gaya mata ba, don na san za ta ce a koma asibiti, shi kuma ba ya son ya bar masallaci.

Ranar sha ɗaya ga azumi, bayan la'asar, yana zaune a zaure yana yi wa wasu magidanta ƙarin karatu, ina cikin gida ina dama kunun shan ruwa, sai na ji ana salati da ƙarfi. Na fita ko mayafi babu. Na tarar da shi ya jingina da bango, zufa ta jiƙe rigarsa sharkaf, yana dafe da ƙirji yana cewa abin ya dawo, har cikin haƙoransa yake ji. A take na san abin da na yi. Na koma da gudu na zazzage kwallar nan na kwaso ƙwayoyin, ina ƙoƙarin tura masa a baki, yana kau da kai yana cewa azumi yake. Aka sa shi a mota zuwa asibitin garinmu, suka yi abin da za su iya, suka ce a wuce da shi Birnin Kebbi maza-maza. Wani ma'aikacin asibitin ya tambaye ni ko yana shan maganinsa yadda aka ce, mutane tsaye a kaina, na ce yana sha. Ɗiyata ta riga ta baro Kalgo tana jiranmu a can. Ba mu kai Kambaza ba rai ya yi halinsa, kansa a kan cinyata, rana ba ta ko faɗi ba.

Na yi takaba da dutse a ƙirji. Mata na zuwa suna cewa na yi jinya, Allah ya ba ni lada, kowace kalma kamar ana zuba min garwashi. Da na fita takabar ɗiyata ta ɗauke ni zuwa Kalgo, a nan na ga ashe ba ni kaɗai ke ƙonewa ba. Yarinyar nan ta rame ta lalace, abinci sai an yi da gaske. Ashe 'yan'uwan mahaifinta sun yi ta cewa aikin da aka yi masa ne ya kashe shi, da an bar shi da ƙwannafinsa da yana nan. Wata rana da hantsi muna tsince shinkafa sai ta ajiye faifai ta fashe da kuka, ta ce min Inna ita ta kashe Baba, ita ta tilasta aka sa masa ƙarfe a zuciya. Kai, ranar na ji abin da ya fi mutuwar zafi. Na kama hannunta na gaya mata komai, tun daga haɓon har ledar da ke ƙasan kwalla. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Sai dai ta tambaye ni me ya hana in kira ta, kira ɗaya tak.

Daga baya ta kira likitan ta gaya masa. Ya ce ba zai iya rantsuwa a kan abin da bai gani ba, kwana kuma na Allah ne, amma dakatar da waɗannan ƙwayoyi da wuri haka na sa gudan jini ya toshe ƙarfen farat ɗaya. Ya ce haɓo irin na Malam abu ne da suka saba gani, da an kawo shi da sun duba hancin da hawan jininsa, sun ba da abin shafawa, in ta kama su canza ɗaya daga cikin maganin da hannunsu. Hatta ɗaga kai sama da nake sa shi ashe kuskure ne, sunkuyawa ake yi a matse hanci. Abin da na ɗauka ba shi da mafita sai tawa, ashe zaman minti kaɗan ne a gaban wanda ya sani. Ɗiyata ta ce ta yafe min, tana kula da ni yadda ya kamata, amma na lura ko maganin mura ba ta ƙara ba ni in ba wani a gidanta ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na rubuto ne saboda na san akwai irina da yawa, matan da aka damƙa wa maganin miji ko na uwa ko na uba, masu tausayi da saurin yanke hukunci. Don Allah in an yi wa naku aikin zuciya aka ba shi maganin tsinka jini, kuka ga haɓo ko jinin dasashi ko baƙin tabo a fata, kada ku ɓoye, kada ku rage, kada ku ba shi hutu don azumi ko biki ko maganar mutane. Ku kira wanda ya rubuta maganin, in jinin ya ƙi tsayawa ku kai shi asibiti a ranar. Kunyar da na so in kare Malam daga gare ta da yanzu an manta da ita, da yana nan ko a sahun baya ne. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya min, na kuma yi imani, amma sababin ta hannuna ya biyo kuma da shi zan tsaya gaban Allah. Akwai abu ɗaya da ko ɗiyata ban gaya wa ba. A cikin motar nan, kafin numfashinsa ya sarƙe, Malam ya laluba ya riƙe yatsuna ya ce na yi masa duk abin da mace ke yi wa miji, ya yafe min duniya da lahira. Ina da lokacin da zan faɗa masa gaskiya, bakina ya ƙi buɗuwa. Ya tafi bai san abin da yake yafewa ba. Ku sa shi a addu'a, ni ma ku sa ni.