Takalmin Birki Biyu

A shagon kayan mota na Mailafiya, bakin tashar Makarfi, wani dattijo yana tsaye riƙe da takalmin birki biyu, na kamfani da ɗan Caina. Idanunsa jajur, hularsa ta sha gumi. Sai juya su yake yi, yana shafawa da babban yatsa.

Mailafiya bai san shi ba. Amma a kujerar bayan motar dattijon ga wata tsohuwa kwance, ga kwandon kwanuka. Da alama hanyar asibitin Zariya ta zame masa hanyar gona.

"Baba, wanne za a ɗaura?"

Dattijon ya ajiye numfashi.

"Sa na kamfanin, ɗana. Wancan yana ƙara, ita kuwa a mota kaɗai take samun barci."