Burtalin da Ruwa Ya Rufe

A Giyayya, wani ƙauye da ke bakin fadama gabas da Haɗeja, idan aka ce wane ya yi tafiyar Shu'ibu, ana nufin zai iso lafiya, amma a ci tuwo kada a jira shi.

Shu'ibu matuƙin kwalekwale ne. Kowace shekara, wajen tsakiyar damina, ruwan da aka yi can ƙasar Kano yakan gangaro ya cika kogi, ya haura gaɓa, ya malale fadama har ido ya rasa inda ruwa ya ƙare sama ta fara. A irin wannan lokaci duk matuƙi mai hankali yakan dubi inda za shi, ya saita hancin jirgi, ya miƙe. Shu'ibu kuwa sai ya yi gabas, ya karya kudu, ya yi ta tafiya, sa'an nan a tsakiyar ruwa fetal, inda babu ko kara, ya sha kwana a hankali kamar mai kewaya katangar masallaci.

Ba ɓata yake yi ba. Burtali yake bi, wato hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki. Kasancewar burtalin yana ƙarƙashin ruwa kamu uku bai taɓa damunsa ba.

Abin ya samo asali. Ubansa Musa makiyayi ne, kuma a wannan fadamar Shu'ibu ya tashi yana bin shanu. Yana ɗan shekara bakwai wata karsana ta zura baki a gonar wani ta ciri ganye uku. Uban bai dake shi ba, da ma ya dake shi da ya fi sauƙi. Tura shi ya yi gaban mai gonar, ya cire hula, ya faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa, sa'an nan ya ba da haƙuri. Tun daga ranar ƙafar Shu'ibu ba ta sake taka gonar wani ba.

Ana saura shekara guda Turawa su sauke tuta, cutar shanu ta bushiya ta shiga garkensu ta share shi. Baƙin ciki ya tafi da tsohon. Sa'idu, wan Shu'ibu, ya karɓi kiwon shanun mutane yana tara nasa ɗaya bayan ɗaya. Shu'ibu kuwa 'yancin kai ya same shi ba shi da ko akuya, sai ya gangara bakin ruwa wurin Kolo, wani tsohon Babarbare da ya fi kowa daɗewa a tuƙi, ya ce a koya masa.

"Bafillace a jirgi?" in ji Kolo. "To, bawana ne ya dawo gidan ubangijinsa. Shigo."

"Mun ji tausayin Barebari ne," in ji Shu'ibu. "An ce ba ku da mai lura da ku."

Makon farko sau uku yana faɗawa ruwa. Amma da ya kama doguwar sandar tuƙi sai hannunsa ya gane ta, don ba ta da bambanci da sandar kiwo sai tsawo. Filafili ma bai ba shi wuya ba. Abu ɗaya ne Kolo ya kasa cire masa.

"Jirgi ba ya cin shinkafa, bawana! Ka bi ta kanta, ta kwanta, ta tashi. Wa ya taɓa kai ƙarar kwalekwale wurin alkali?"

"Gonar mutum ce, Baba."

"Tana cikin ruwa!"

"Bai sayar ba."

Masu sauri suka guje shi. Wata mai bandar kifi ta rantse ta shiga jirginsa da hantsi, ta isa kasuwar Haɗeja ana ɗaure kaya. Matarsa Ma'u takan ce ba ta yi mamaki ba, don ita ma ta haka ya zo neman aurenta, sai da ya gaida duk garin. Sa'idu kuwa, da labari ya kai masa, ya ce ya ji an yi Bafillace mai kifi, amma bai san shi ba.

A shekara ta huɗu da kama sandarsa, ruwa ya riga lokacinsa da kusan mako biyu, ya kuma zo da ƙarfin da tsofaffi ba su tuna irinsa ba. Da hantsi wani masunci ya iso bakin ruwa da labari: Sa'idu yana Tudun Kanya da shanu tamanin, ruwa ya kewaye su, kuma yana cin tudun. In aka kai gobe, sai dai kanyar.

Daga Giyayya ana hango tudun, ɗan baƙi-baƙi a kan ruwa. Arewa da shi kogi ne, yana gudu da itatuwa a bakinsa. Tsakaninsa da gari kuwa gonakin shinkafa ne, abincin shekara na kowa, kuma ruwa ya rufe kanta. Shinkafa ta san nutso, in an ƙyale ta kwana uku huɗu za ta miƙo wuya ta leƙo. Abin da ba ta sani ba shi ne kofato. Ƙasar noma kuma, in ta sha ruwa, takan kama ƙafar saniya ta ƙi saki.

"A koro su miƙe kawai," in ji wani. "Ga su ga mu."

"Ta gonar wa?" in ji Kolo.

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Kolo ya tofar da goro. "Ku kira mini bawana."

Ba a sha wahalar kira ba. Shu'ibu yana cikin jirginsa tun ɗazu, da igiya a naɗe a gabansa.

"Yau ka sami masu hawan da ba za su yi maka ƙorafi ba," in ji Kolo, ya tura nasa jirgin. Karo na farko ke nan da ya bi bayan almajirinsa.

Shekara arba'in Kolo yana tuƙi a wannan fadama, amma miƙewa yake yi, bai san abin da ke gefe ba. Burtalin ya bi da su ta cikin kurmin giyayya da ruwa ya kai wa wuya, suna ratsa rassa kamar masu yawo a kan itace, sheƙunan tsuntsaye daidai kafaɗarsu. Suka fito wani fili da bado ya rufe, fari fat, fure bayan fure har iyakar gani, jirgi na buɗe shi yana rufewa a bayansu kamar ba a wuce ba. Ruwan ya kwanta, sama duka tana cikinsa, har mutum ya rasa ko a kan gajimare yake tuƙi. Can gaba agwagin ruwa, kirinjijiya, suka tashi, dubu nawa Allah ne ya sani, suka tare rana, kukansu ya cika duniya, iskar fikafikansu ta taɓa fuska. Gauraka biyu a kan wata 'yar gaɓa ba su ko motsa ba, suka bi jiragen da kallo irin na masu gari.

Kolo ya ajiye filafili a cinya. "Tsarki ya tabbata ga Allah," ya ce a hankali. Da ya ga Shu'ibu ya waiwayo sai ya ƙara da ƙarfi, "Tuƙa mana, kallon me kake yi?"

Suka tarar da Tudun Kanya ya koma kamar faifai. Shanu sun cure wuri ɗaya, na gefe ruwa ya kai musu gwiwa. Sa'idu yana tsaye a gindin kanyar da sanda a kafaɗa.

"Yaya, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Sa'idu, ruwa na wanke masa idon sawu. Ya dubi jirgin. "A wannan akushin za ka kwashe su?"

"Wace ce uwar garke?"

Sa'idu ya nuna wata jar saniya mai dogayen ƙaho, da ɗan maraƙinta na kwana shida. Shu'ibu ya ɗaure ƙafafun maraƙin, ya sa shi a jirgi, ya ce wa wansa ya shiga ya riƙe. Sa'idu bai taɓa shiga jirgi ba. Ya shiga kamar mai shiga kabari, ya rungume maraƙin, ba a san wa ke riƙe da wa ba.

Shu'ibu ya tura. Maraƙi ya yi kuka. Jar saniya ta amsa, ta faɗa ruwa, sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya, Kolo yana can baya yana kora masu nawa.

Ruwa ya kai wa shanun ƙirji, amma suna tafiya, don ƙasar da kofato ya daddaɓe shekara ɗari ba ta zama taɓo. Shu'ibu yana tsaye a ƙarshen jirgi yana caka sanda. In ta sauka a burtali sai ta amsa da ƙarfi har cikin kafaɗarsa. In ta kauce ta shiga gona sai ƙasa ta haɗiye ta shiru. Da wannan, da kan itatuwan da ya sani tun yana yaro, yake karanta hanya.

Wajen azahar suka iso inda burtalin ke karyawa yamma. Alamar wurin wata goriba ce mai rassa biyu. Babu ita. Ruwa ya tafi da ita.

Shu'ibu ya tsaya. Ko'ina ruwa ne, iri ɗaya. Ga Giyayya can gaba, har ana ganin hayaƙi da mutane a bakin ruwa kamar tururuwa. Shanu suka fara taruwa a bayan jirgi suna huci, na baya na tura na gaba.

"Ga gari can," in ji Sa'idu. "Miƙe."

Shu'ibu ya caka sanda gaba. Ta nutse. Ya caka dama. Ta nutse.

"Shu'ibu, sun gaji. Shekara biyar na yi ina tara su. Miƙe, na ce!"

"Gonar Kolo ce a gaban nan, Yaya. Bayanta ta liman."

Shu'ibu ya rufe ido. A ransa ya ajiye ruwan gefe, ya dawo da rani: ga shi yaro, ga ƙura, ga ubansa a gaba, ga goriba, kuma kafin goriba akwai wani suri da shanu kan sosa wuya a jikinsa, suri a hagu, sa'an nan a karya. Ya ja jirgi baya kaɗan, yana lalube da sanda, har ta daki wani abu mai tudu. Ya wuce shi tsawon jirgi biyu, ya caka yamma.

Sanda ta amsa.

Ya juya hancin jirgi ya ba gari baya. Daga bakin ruwa aka ji ihun mutane, suna cewa ga shi nan, ya fara halin nasa.

Saura ƙorama, inda ruwa ya fi ƙarfin sanda, dole shanu su yi iyo. Nan jar saniya ta ƙi. Maraƙin ya gaji da kuka ya yi shiru, ita kuma ta tsaya a gaɓa tana jujjuya ƙaho, garke duka ya cushe a bayanta. Sai Shu'ibu ya ajiye sanda, ya ɗauki filafili, ya buɗe baki ya yi kiran shanu irin na gidansu, wanda rabonsa da shi tun mutuwar garken ubansa. Kiran ya bi kan ruwa ya tafi, dogo, yana karyewa a ƙarshe yadda tsohon yake karya shi. Sa'idu ya sunkuyar da kai cikin wuyan maraƙi.

Jar saniya ta saki ƙasa.

Waɗanda suka gani daga gari har suka tsufa suna ba da labari. Jikin shanun duk ya ɓace. Ƙaho kawai ake gani da hanci, ƙaho ɗari da sittin a jere a kan ruwa, suna tafe a hankali, suna shan kwana inda babu kwana, balbelu na sauka a kansu suna tashi, jirgi ɗaya a gaba. Can sai liman ya tuna ya yi kabbara.

La'asar sakaliya suka hau tudun Giyayya. Sa'idu ya ƙirga sau biyu: tamanin, da maraƙi. Ya tsaya a gaban ƙanensa, sai ya tambaye shi ko kifin nan da ake faɗa yana da daɗi. Ma'u ta kawo masa. Ya ci, ya ce ba laifi.

Shinkafa ta leƙo bayan kwana huɗu. Da kaka ta yi ruwa ya janye, mutanen gari suka fita yankan shinkafa, sai suka tarar da abin da ya tsayar da su da lauje a hannu. Sawun shanu tamanin ya bushe a cikin laka, daga Tudun Kanya har gari, yana tafe tsakanin gonaki kamar an ja shi da igiya, yana karyawa daidai inda burtali ya karya. Shinkafa tana tsaye dama da hagu, ta sunkuya da nauyin kanta. Mutane suka bi sawun a ƙafa tun daga farko har ƙarshe, ba don suna da aiki a can ba.

Shu'ibu ma ya bi, amma shi da abin da yake nema. Ya same shi kusa da inda goriba take a da: kofato ɗaya, taki guda cikin gonar Kolo, da tushen shinkafa biyu a murƙushe.

Ya sami Kolo a bakin gonar, gaban jama'a. Ya cire hula.

"Ni ne Shu'ibu, ɗan Musa, jikan Abdulwahid. Saniyarmu ta shiga gonarka. Ka yi haƙuri."

Kolo ya je ya duba sawun. Ya daɗe a tsugune a kansa. Da ya miƙe sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce wa masu yanka kada wanda ya taka wurin.

"Zan yi shawara, bawana," ya ce. "Ɓarnar da yawa."