Malam Abdulgaffar da Ɗigon Rijiyar Zakka

Malam Abdulgaffar mutumin Katsina ne, aikin koyarwa ya kai shi Safana. Dogo ne marar yawan magana, irin mutanen da ko sayen tumatir za su yi sai sun juya shi sun dubi ƙasansa. A shekarun da 'yan bindiga suka hana mutane sakat, aka rufe makarantarsa, ya zauna hannu rabbana. Da wata ƙungiya ta zo neman masu ƙidayar rijiyoyi a ƙauyukan Batsari da Safana, sai ya shiga.

Aikin ba wuya. Ka tsaya bakin rijiya, ka danna waya, manhajar da ke ciki ta ɗauki wurin, ɗigo ya fito a taswira. Aka haɗa shi da Bashar, ɗan Ruma, wanda ke jan mashin.

Wuyar tana wajen mutane. Lokaci ne da ko tambayar hanya ka yi sai a ce infoman 'yan bindiga ne. A Zakka, wani dattijo, Baba Mani, ya riƙe masa hannun riga.

"Malam, wannan wayar taka, wa take gaya wa inda muke?"

"Masu gyaran rijiya, Baba. Wallahi su kaɗai."

"To. Allah ya sa."

Bayan mako guda ya buɗe taswirar. Ɗigon rijiyar Zakka ya bar tsakiyar gari ya koma cikin gonaki. Ya duba na Wagini, shi ma ya gusa. Wani ya yi gabas, wani arewa. Shi kuwa ya san inda ƙafarsa ta taka.

Zarginsa ya faɗa kan Bashar. Ai shi ke riƙe wayar in Malam ya tafi alwala. Ga shi da an kira shi sai ya koma gefe yana magana ƙasa-ƙasa. Malam ya daina cin kwano ɗaya da shi, ya riƙa cusa wayar cikin aljihun 'yar ciki. Bashar ya lura, shi ma ya fara kallonsa a kaikaice. Haka suka riƙa ratsa daji bisa mashin ɗaya, ba mai ce wa wani ƙala.

Da abin ya ishe shi, ya tafi ofis a Batsari ya sami shugabar aikin, Hajiya Nana Hadiza.

"Hajiya, ana taɓa mana aiki. Wurare suna tashi."

"Kwantar da hankalinka, Malam. Haka aka tsara manhajar. Da ka aika, sai ta gusar da ɗigon, don ko wayar ta faɗa hannun mutanen daji kada su san ainihin inda mata ke ɗibar ruwa."

"To na gaskiyar fa, yana wurin wa?"

"Yana can sama."

"Su wa ke ganinsa a saman?"

Ta ce ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Ya fito da rabin natsuwa. Ya tarar da Bashar a gindin dalbejiya, ya faɗa masa komai, har da abin da ya zarge shi da shi. Bashar bai yi fushi ba. Ya ce, "Malam, ƙanwata Hassana ce a hannun mutanen daji tun farkon damina. Kiran da kake gani, masu shiga tsakani ne. Ni ma na ɗauka kai ke da wata a ƙasa, ganin yadda kake ɓoye wayar."

Ranar Malam ne ya ja mashin.

Ya ƙarasa aikin, amma daga nan duk ƙauyen da suka shiga ya daina rantse wa kowa. Sai ya ce, "Abin da na sani ke nan, saura ban sani ba." Wasu suka bari a ɗauki rijiyarsu, wasu suka hana, bai ja da su ba.

An sako Hassana bayan girbin wake. Malam Abdulgaffar ya je Ruma barka da ƙullin dabino, ya kwana biyu. Da aka buɗe makarantu ya koma ajinsa a Safana, yana can har yanzu.