Gangar Bahaguwa

Shekaran jiya da la'asar ina tsaye a bakin titin Naraguta ina jiran mota, sai na jiyo wani yana koyon kiɗan ganga a wani coci da ke bayan shaguna. Ba sai an gaya mini ɗan koyo ba ne. Hannunsa ya yi gaba, ƙafarsa tana can baya tana neman cim masa, ya tsaya, ya sake, ya kuma tsayawa. Motoci uku suka wuce da wurin zama ban tsayar da ko ɗaya ba. Ni da nake da jika a yau, malamar makaranta da hijabina har ƙasa, sai ga ni ina ƙirga masa a zuci: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Za ka yi mamakin inda na san wannan. Bari in gaya maka, don ko maigidana ban taɓa ba shi labarin ba.

Ina 'yar shekara takwas aka kawo ni Laranto wurin kakata ta wajen uwa. Auren iyayena ya mutu, kowa ya kama gabansa, ni kuma aka haɗo ni da 'yan tsummokarana aka dire wa tsohuwa. Gidan haya ne, ɗakuna suna kallon juna, da famfo ɗaya a tsakiya wanda ya fi yawan tari a kan kawo ruwa. Kaka tana sayar da dankalin Turawa da kabeji a kasuwa, tun safe sai gab da magariba. In na dawo daga makaranta makulli yana ƙarƙashin turmi, abinci yana kwano an rufe da faifai. In ci, in wanke kwanon, in zauna a bakin ƙofa. Wanda ya taɓa yin damina a Jos ya san sanyin nan da ke biyo bayan ruwa, wanda yake shiga har ƙashi. A cikinsa nake zama in naɗe ƙafafuna a zane, ina kallon ruwa yana ɗiga daga bakin kwanon rufi, ba mai ce mini kanzil.

Ga shi kuma ni bahaguwa ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kaka takan ce wa zai ci tuwon da aka tuƙa da hagu, wace suruka ce za ta karɓi ruwa daga wannan hannun. In za mu ci abinci sai ta ɗaure mini shi a ƙugu da tsohon ɗankwali. In na manta na miƙa abu da shi, ludayi ne zai sauka a kan yatsuna. Yanzu na san ba mugunta ba ce, tsoro take ji mini. Amma a lokacin na taso ina jin rabin jikina laifi ne. Rubutuna da hannun dama ya zama abin dariya a aji. A wasan carafke duwatsu zubewa suke yi daga hannuna, har 'yan matan gidan suka gaji suka daina kirana, ni ma na daina zuwa.

A ɗakin ƙarshe, kusa da bishiyar gwaiba, akwai wani dattijo Bayarabe, Kirista, kowa Baba yake ce masa. Ya zo Jos yana saurayi aikin kuza, daga baya ya zama makaɗi a kulob ɗin ma'aikata, sannan a cocinsu, har aka sayo sabbin ganguna aka damƙa wa matasa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Kudu. Gyaran risho da fitila yake yi a ƙofar ɗakinsa, kullum hannunsa warin kananzir. In aiki ya yi sauƙi sai ya fito da tsofaffin gangunansa ƙarƙashin gwaibar ya harhaɗa. Akwai babba a kwance a ƙasa da ake bugawa da feda irin ta keken ɗinki. Akwai ƙarama mai kaifin murya a tsakanin gwiwoyinsa, da faranta biyu na tagulla a kife da juna a kan ƙarfe. Yakan shimfiɗa musu tsohon tawul don kada ya dami maƙwabta, ya yi ta bugawa a hankali shi kaɗai, idonsa a rufe.

Na fi sati biyu ina kallonsa daga ƙofarmu kafin ya yi mini magana.

"Kai, yarinya," ya ce, don a wurin Baba kowa "kai" ne, har Kaka da yake kira Mama. "Kallo kawai? Kallo ba ya koya ganga. Zo zauna."

Kada ka ɗauka sanda ya miƙo mini. Wata guda cur ban taɓa sanda ba. Kujera 'yar tsuguno ya ba ni, ya ce cinyoyina su ne ganguna, ƙasa ita ce feda. Ƙafa ta buga a ɗaya da uku, hannu ya amsa a biyu da huɗu. Sai da wannan ya zauna sannan ya shigo da ɗaya hannun, mai tafiya ba tsayawa a kan farantan tagulla, muna ƙirgawa tare: ɗaya da biyu da uku da huɗu da. A baki kamar wasa. Amma da hannu ya motsa sai ƙafa ta bi shi, da ƙafa ta tsaya sai komai ya watse. Baba ya yi ta dariya har da tari, ya ce, "Jiki gidan haya ne. Kowa ya zauna ɗakinshi. Hannu kada ya leƙa ɗakin ƙafa." Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba. In na ɓata sai ya ce, "Sake," ya ci gaba da goge lagwaninsa.

Da na hau gangunan gaske abin ya ƙi. Hannun dama shi ne ke jan tafiya a kan farantan, nawa kuwa sandararre ne, bugu huɗu ya gaji, na biyar ya makara. Na fara jin kunya, na fara tunanin nan ma za a gaji da ni. Wata rana yana zaune yana ɓare lemo, ba zato ba tsammani ya jefo mini guda. Kafin in yi tunani na cafe. Da hagu. Na yi sauri na mayar da hannun baya, ina jiran faɗa.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Ahaa. To wane ne ya ɗaure wannan hannu?"

Bai jira amsa ba. Ya tashi da ƙyar saboda gwiwa, ya ɗauko man keken ɗinki da filaya, ya hau kwance gangunan. Kusoshin sun yi tsatsa, don sun fi shekara talatin a yadda ya saba da su. Ya ɗauke farantan daga wannan gefe ya mayar wancan, ya juya ƙaramar gangar, ya gyara zaman fedar ta dawo ƙarƙashin ƙafata ta hagu. Ya fi awa guda yana fama, gumi yana keto masa a cikin sanyin nan. Ina tsaye ina kallo. Tun da na yi wayo ni ake juyawa in dace da abu, ban taɓa ganin an juya abu don ya dace da ni ba.

Da ya gama ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma ka ji. Nan kawai. A wajen Mama, dama. A gaban manya, dama. Ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Ranar da kiɗan ya fara tsaya mini ana yayyafi ne, mun ja gangunan ƙarƙashin rumfa. Hannun hagu ya kama tafiya kamar daman jira yake, ƙafa ta zauna a wurinta, na zagaya sau takwas ban faɗi ba. Baba ya ajiye fitilar da ke hannunsa ya fara rera wata waƙa da harshensu a kan kiɗana, ƙasa-ƙasa. Ban san abin da waƙar ke cewa ba. Na dai san a rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma daga nan na daina jin tsawon yini. Gudu nake yi daga makaranta, in ci abinci a tsaye. Shi ma na lura ya fara ajiye mini gyaɗa a murfin gwangwani.

Sai dai hannun da aka kwance ba ya sanin iyaka. Ya farka. Da shi nake ɗaukar tsintsiya, da shi nake buɗe ƙofa, ban ma sani ba. Aka yi suna a Gangare, a gidan yayan Kaka, babban malami da ake jin nauyinsa. Ya shigo cikin gida gaisawa da mata, aka ce in kawo masa ruwa. Na wanke kofi, na durƙusa yadda aka koya mini, na miƙa. Bai karɓa ba. Ya kalli hannun, ya ɗago ya kalli ƙanwarsa. Sai wata gwaggo ta ce, "Ashe har yanzu ba a raba ta da wannan ba?"

Muka dawo gida ni da Kaka. Da ta rufe ƙofa ta juyo, idonta jajir, ta ce, "Ke, wa ya kwance miki hannun nan bayan duk wahalar da na sha?"

A nan na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Tsoro ya kama ni, na ce, "Baba ne. Shi ya ce in riƙa yin komai da shi, ba laifi ba ne."

Ta ja ni har ƙofarsa. Yana zaune da risho a cinya. Ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta maimaita masa abin da na faɗa, kalma bayan kalma, maƙwabta suna leƙe. Ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, da ma harara ce da na fi samun sauƙi. Sai ya ajiye rishon, ya cire hularsa, ya rusuna ya ce, "Haka ne, Mama. Laifina ne. Yi haƙuri. Yarinya ba shi da laifi."

Daga ranar gangunan ba su sake fitowa ƙarƙashin gwaiba ba. Na koma bakin ƙofarmu, shi yana bakin tasa, tsakaninmu bai fi taku ashirin ba. In zan je famfo sai in sunkuyar da kai. Sau ɗaya na tarar da murfin gwangwani da gyaɗa a kan tagarmu, na kasa ci, na kasa mayarwa. Kullum ina cewa gobe zan je in ce masa ya yafe mini, goben tana zuwa in ce wata goben. Haka damina ta wuce, wata ta zagayo.

Ciwon gwiwa ya tsananta masa, sai babban ɗansa ya zo ya tafi da shi Kudu. Gangunan aka kai coci. Da hantsi ya dogara sanda ya bi ɗaki ɗaki yana sallama. Da na ji muryarsa a ƙofarmu sai na shige bayan labule na ƙame. Suka gaisa da Kaka, suka yafi juna. Ya ce, "Ina yarinya?" Ta ce, "Tana ciki." Ta kira ni sau biyu. Ina ganin ƙafafunsa ta ƙarƙashin labulen, cikin silifas na roba, sun tsaya suna jira. Sun daɗe. Can ya ce, "To. A gaishe shi," ƙafafun suka juya.

Sai bayan na yi aure na haihu, Kaka ta tsufa tana kwance a ɗakina ina shafa mata man zafi a ƙafa, sannan na iya buɗe baki. Na ce, "Kaka, maganar nan ta Baba mai ganga, ƙarya na yi masa. Shi cewa ya yi in riƙa miƙa miki abu da dama."

Ta ce, "Na sani. Tun ranar na sani, shi ma ya san na sani." Na ce to me ya sa ta je. Ta ce, "Tun da kika fara kiɗan aka gaya mini. Ɗiya mace a gidanmu ba ta kiɗa, 'yan'uwa sun fara magana. Mutumin nan kuwa bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, na rasa ta inda zan ce masa ya daina. Sai kika ba ni hanya." Ta juya fuska bango ta ce, "Mu biyu muka zalunce shi. Allah ya yafe mana."

Yanzu in na bi ta layinmu na dā da ƙyar nake gane gidan. An sare gwaibar an yi shago a wurin. Irin zaman nan da muka yi, Bahaushe da Bayarabe da ɗan ƙasa suna layi a famfo ɗaya, ya yi wuya, kowa ya koma unguwar da ya fi samun kwanciyar hankali. Yara masu hagu kuwa a ajina ba mai ɗaure musu hannu, har almakashinsu ake sayarwa. Na taɓa shiryawa na je cocin da nake zaton na su Baba ne, ko zan sami wanda ya san garinsu in aika wa 'ya'yansa saƙo. Wata dattijuwa ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ba ni kujera, ta ce da yardar Allah za a gano shi, in dai faɗa mata sunansa. Na zauna ina kallonta. Shekara biyu muna gida ɗaya, ya ɗauki laifina ya ɗora wa kansa a gaban mutane, ni kuwa ko sunansa ban taɓa tambaya ba.