Ƙyallayen Marini

Laifina ne da Alhaji Sabo ya daina tashi tsaye. Sana'ata tausa da motsa jiki ga waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Burin Alhaji, wani dattijo a Zaitawa, shi ne ya taka zuwa masallacin layinsu da ƙafarsa. Kullum muka gama sai in ce masa, "Da saura, Alhaji, masallaci da nisa." Ranar nan ya juya fuskarsa bango, ya ce in huta da zuwa.

Da na koma ɗakina, babu wanda zan gaya wa, sai Iya ta faɗo mini a rai. Kakata ce, ita ta riƙe ni a Dala bayan rasuwar iyayena. Mu biyu ne a gidan. Bayan isha'i mukan zauna bakin murhu, ta ce, "Ga ta nan gare ku, jama'a," alhali ni kaɗai ne jama'ar.

"Maigida, in ka yi gyangyaɗi na sake miji," in ji ta.

Wani dare ta ba ni labarin wani baƙo da ya kai farin zane marina, yana son ya koma baƙi wuluk. Kullum ya zo sai ya tarar an tsamo zanen bai yi ba. Ya gaji, ya ce a ba shi kayansa. Marinin bai yi musu ba. Ya ja shi gindin wata ƙaya inda yake rataye 'yan ƙyallayen da yake yankewa daga zanen kafin kowace tsomawa. Na farko fari fat, na biye ruwan toka, na ƙarshe shuɗi sosai. Baƙon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mayar da shi ciki."

Na ce, "Shi ke nan? Ba dodo?"

"Kai dai raggo ne. Tashi ka kwanta."

Na girma ina ganin wannan ce mafi rashin daɗi a tatsuniyoyinta. Sai yanzu na gane ban taɓa nuna wa Alhaji inda ya baro ba.

Washegari na same shi kwance a zaure. Ya miƙo mini hannun dama muka gaisa, bai dube ni ba. Na riƙe hannun.

"Alhaji, ranar da na fara zuwa, wannan hannun ko carbi ba ya ja. Na ga duk abin da ya ƙaru, na yi shiru. Ka yafe mini."