Malam Mai Tattaki da Burodin Kaka

Kakata ta zo Kuala Lumpur ne don wankan jegon Mama, sai korona ta rufe hanya, ta kusan shekara biyu tare da mu a Taman Melati, hawa na goma sha ɗaya. Shekarata goma sha huɗu a lokacin. Babu murhu, babu tsakar gida. Bayan magariba mukan shimfiɗa tabarma a baranda, fanka na kaɗawa, jirgin ƙasa na LRT na wucewa kusan babu kowa a ciki.

Da tatsuniyoyinta suka ƙare, sai ta ce in ba ta na cikin littattafaina. Na fassara mata rayuwar wani malamin coci baƙar fata a Amurka, wanda ya jagoranci mutanensa suka ƙaurace wa motocin bas saboda ana tilasta musu zama a baya. Washegari ta mayar da shi tatsuniya.

"Ga ta nan, yau ta ƙetaro teku. An yi wani Malam Mai Tattaki. A garinsu in fatarka baƙa ce, ko ka biya kuɗin mota sai ka koma can wurin kaya. Sai ya ce kowa ya ɗaure takalminsa. Tsofaffi da masu ciki duk suka dinga takawa a ƙasa har shekara bakwai."

"Kaka, shekara ɗaya ce da 'yan kwanaki."

"Ƙawata, ke ce mai labarin ko ni? Tambayi ƙafafunsu, bakwai za su ce miki."

A lokacin akwai abin da nake ɓoyewa. Wata mata a gininmu, duk sanda na shiga lif, na'urar hawa bene, sai ta gyara takunkuminta ta fice. Sau uku, na ƙirga. Daga nan in an aike ni kedai, shagon da ke ƙasa, sai in bi matakala. Kaka ta ga ina dawowa ina haki, ta tsare ni da tambaya. Na gaya mata, na ƙara da cewa ni ma tattaki nake kamar mutanen Malam.

Ta yi dariya har da share hawaye.

"Su sun taka ne don duniya ta gan su. Ke kina takawa don kada a gan ki. Gobe burodi nake so, kuma kada ya iso min da gumi."

Washegari na shiga lif da burodin. Matar ta iso, ta dube ni, ta ja da baya. Ba ta shiga ba, ni kuma ban fita ba. Na danna sha ɗaya.

Yanzu ina jami'a, kuma har yau kunya ba ta sake ni ba, amma a layin gaba nake zama. Littafin ya ce an ɗaure Malam, daga baya aka kashe shi. A bakin Kaka kuwa yana nan yana tafiya. Wannan kuskuren ban taɓa gyara mata ba.