Sandar Bature a Hannun Mataimakina

Mun tashi daga tashar jirgin ƙasa ta Minna da ƙarfe biyar da minti arba'in na asubar Laraba. Mu uku ne: ni, da mataimakina a badujalar makaranta, da malamin Turanci da aka haɗa mu da shi don tafinta. Shugaban makaranta ne ya tura mu Legas, mu ga wani Baturen Ingila mai jagorantar makaɗa da ya zo koyar da malaman kiɗa. Ya ce in mun dawo zai yanke wanda zai ja badujala ranar rabon kyaututtuka. Shekara goma sha tara ina jan ta tun da na bar soja, ba a taɓa cewa sai an yanke komai ba.

Mun wuce Zungeru rana tana fitowa. A Jebba na sayi soyayyen kifi ta taga, naira ɗari, ƙaya ta fi tsoka. Mataimakina ya ci rabi, ya yi barci har Ilori baki buɗe. Washegari da hantsi muka sauka Legas, gari mai gumi da rashin bin layi.

A zauren taron, malamin Turanci ya karanta mana tarihin Baturen daga takarda. Na farko, ya fara da kaɗa molon coci yana yaro. Na biyu, ya yi shekaru a gidan wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe. Na uku, ya zaga ƙasashe, sarakuna suna tafa masa. Na duba, babu inda aka ce ya taɓa busa bigila a rana har leɓe ya tsage.

Sai ga shi, dattijo ne mai furfura, da 'yar sanda siririya kamar tsinken tsire. Ya juya wa manyan baƙi baya, ba wanda ya ce uffan. Ya ɗaga hannu, masu goge da masu busa wajen sittin suka yi tsit. Ni sai na busa usur sau uku, na haɗa da tsawa, kafin 'yan badujalata ashirin su daina surutu.

Da aka gama, ya miƙo sandar ya ce wani malami ya zo ya gwada. Na gyara zama, na jira a nemi babba, yadda aka saba. Ba a nema ba. Mataimakina ya ɗaga hannu kawai, ya haye dandamali.

Zan faɗi gaskiya: sun bi shi. Ya sassauta hannu suka sassauta, ya ɗaga suka ɗaga. Baturen ya dafa kafaɗarsa yana dariya, ya bar masa sandar.

A jirgin dawowa mataimakina ya ce, “Baba Saja, ka ga yadda suka bi ni?”

Na ce, “Na gani. Wa ya koya maka ƙirga huɗu?”

“Kai ne mana. Riƙe sandar ka ji, ba nauyi.”

Na ce hannuna da maiƙo. Babu maiƙo.

Mun iso Minna ranar Lahadi da la'asar. Litinin malamin Turanci ya ba shugaba labari kafin in buɗe baki, har da kwaikwayon hannu. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, a wasu wurare ba a kiran babba, wanda ya miƙe shi ake gani.

To, na miƙe. Ranar Juma'a shugaba zai yanke. Ku tsofaffin ɗalibaina, na Bosso da na Kasuwar Kure da duk inda kuke, wanda na taɓa sa wa bigila a baki, ya zo ofishin shugaba ranar Alhamis da ƙarfe goma, ya faɗi wanda ya koya masa. Ku zo a kan lokaci, ku shiga ɗaya bayan ɗaya.